Jarkokin Maikano

Maikano masunci ne a bakin ruwan Bagauda. A daminar 1991 aka ce masa yana da ciwon suga, wata biyu bayan an yanke wa amininsa Shitu ƙafa a Kano saboda ciwon nan. Ya je dubiya, ya ga yadda zane ya kwanta shafal daga gwiwa zuwa ƙasa. Tun daga ranar kullum da safe sai ya duba yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya.

Babban ɗansa Ɗanliti ya karɓe kwale-kwalen, ya ce, "Baba, kai dai ka huta." Ya huta kuwa, har cinyoyinsa suka tsotse, tashi daga tabarma ma sai matarsa Kande ta kama shi.

Da ya koma asibiti, Malam Hamman mai duba masu ciwon suga ya auna shi, ya girgiza kai.

"Baba, wane aiki kake yi yanzu?"

"Zama."

"To zaman ne ke cin ka. Tsoka ita ke ƙone sugan nan idan tana aiki. Ka kife turmi, ka zauna ka miƙe sau goma. Ka cika jarka biyu da ruwa ka riƙa ɗagawa. Amma kada ka fara sai ka karya kumallo."

Ranar farko a miƙewa ta huɗu gwiwoyinsa suka hau rawa, ƙirjinsa na dukan uku-uku, ya ɗauka ajali ne ya zo. A bayan rumbu yake yi, don kada maƙwabta su ce tsoho ya zare. Kafin a yanke gero yana miƙewa sau ashirin, ƙishirwar da ke damunsa ta ragu.

Wata safiya Ɗanliti ya tafi kasuwar Dangora. Maikano ya haɗiye ƙwayar maganinsa, ya ɗaga jarkokinsa, ya ji jikinsa garau. Kokon Kande bai ma sauka daga wuta ba ya zame ya kwance kwale-kwalen.

Sai da ya yi nisa da gaɓa gumi mai sanyi ya keto masa. Hannuwansa suka soma karkarwa, filafilin da yake tuƙi da shi ya suɓuce ya bi ruwa. Bishiyoyin bakin gaɓa suka zama biyu-biyu. Ya buɗe baki zai yi kira, harshe ya yi nauyi. Ba kowa a ruwan. Ya kwanta a cikin jirgin don kada ya kife, yana kalmar shahada, tana kakkarye masa a baki.

Iska ce ta kora shi cikin ciyawar gefe, inda Dije mai tallar nono ta tsaya wanke ƙorai.

"Subhanallahi! Baffa, lafiya?"

"Yunwa," ya ce da kyar. "Suga."

Ta kutsa ruwa har gwiwa, ta dama fura, ta zazzage ƙullin sukarinta duka a ciki, ta tallafo kansa tana ba shi da ludayi. A hankali idonsa ya washe, ya ga fuskarta guda ɗaya.

Washegari Ɗanliti ya kai shi asibiti, ransa a ɓace.

"Malam, jarkokin nan sun kusa kashe mana uba."

Malam Hamman ya ce, "Rashin karyawa ne. Kuma sugansa ya sauka, ƙwayar ta yi masa yawa yanzu." Ya karya ƙwaya gida biyu, ya nuna musu rabi. "Wannan zai riƙa sha. Jarka kuma kada ya bari."

Kwana shida Maikano bai iya taɓa jarkokin ba, da ya sunkuya sai gabansa ya faɗi. A na bakwai ya shanye kokonsa tas, ya zuba dabino uku a aljihu, ya kira Kande.

"Zauna nan ki ƙirga mini. In kin ga ina gumi, ki tsayar da ni."

Ta jawo kujera ta zauna, idonta a kan goshinsa.