Ranar da Mama Nas Ta Zaga Layinmu

"Riƙe ni ta hagu, 'yata. Hannun daman an riga an riƙe."

Na duba damanta, ba kowa sai ƙofar ɗakin a buɗe. Amma hannun nata a lanƙwashe yake, gwiwar a ɗage, kamar na mai jingina da wani.

Mama Nas maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba shagon ɗinkina da ɗakinta. Ta yi aikin jinya har ta tsufa, shi ya sa sunan ya bi ta. Da asibiti suka sallamo ta da ciwon hanta, ita ta fara gaya mana ma'anar sallamar. Ranar nan da la'asar ta buga katangar da kofi, na shigo na tarar ta ɗaura ɗankwali ta sa takalmi, wai layi za ta zaga.

Ɗanta, wanda ke jan waƙa a cocinsu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ki kwanta mu yi addu'a. Mutane za su ce tsoron tafiya kike yi."

"Su faɗa. Na san gidan da zan je, na san Mai gidan. Matsa in wuce."

Muka fito a hankali. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma tafiyar tana karkata dama, sai na riƙa jin ana janye mini ita. A ƙofar kafinta ta tsaya ta shaƙi ƙamshin katako, ta lumshe ido. Ta tsokane shi cewa bencin da ya yi mata ya fi ta ƙarfin ƙafa. Ya yi dariya, amma idonsa na kan hannun nan nata.

Gaba kaɗan akwai shagon mai aski, a rufe da kwaɗo tun da ya rasu bara. Mama ta rage tafiya ta ɗaga kai.

"Sannu da aiki. Ya iyali?"

Ta saurara, ta gyaɗa kai. Na duba ƙofar shagon, ba kowa.

"Mama, da wa kike magana?"

"Yau suna da yawa a layin nan," ta ce. Sai ta juya dama, muryarta ta koma irin wadda na saba ji ta katanga shekarun baya, lokacin da mijinta ke raye. "Kai kuma daina ja na. Can ɗin ba ya ƙarewa, to saurin me kake yi?"

Ɗan yana biye da mu. Na ji numfashinsa ya sauya.

"Mama, Baba ne?"

"Har yanzu bai koyi haƙuri ba."

Wajen mai kayan marmari ta ce lemo take so. Ta ƙi wanda aka miƙo mata, ta zaɓa da kanta, tana matsa kowanne da yatsa. Matar ta ce kyauta ne, Mama ta sa mata albarka, ta kuma duba kumburin da ke wuyan jaririnta, ta ce a kai shi asibiti gobe, kada a jira.

Da muka dawo ta ƙi shiga ɗaki. Muka zaunar da ita a ƙofar gida, inda rana ke sauka. Ɗan ya durƙusa gabanta.

"Ke kika koya mini cewa sama ta fi nan. Me ya sa kike riƙe da nan haka?"

"Ta fi mana. Amma wa ya yi nan ɗin? Ba Shi ba ne?" Ta soma ɓare lemon. "Na wanke jarirai, na wanke gawa, ban taɓa ganin jikin da aka yi da wasa ba. Ubangijinmu ma, lokacin da abokinsa ya mutu, kuka ya yi, alhali ya san zai tashe shi. In na je aka tambaye ni yaya na ga abin da aka ba ni, so nake in ce na cinye tas."

Ta sa ɓari ɗaya a baki, ta daɗe tana tsotsa. Ta ba ɗan ɗaya, ta ba ni ɗaya. Sannan ta miƙa ɗaya dama, ta riƙe shi a iska, ta jira. Babu wanda ya yi motsi a cikinmu. Can ta yi 'yar dariya.

"Wai ba ya iya ci. Ka gani? Shi ya sa na ce ka bari in gama."

Ta cinye shi da kanta. Ta jingina kai da bango, fuskarta a rana. Na zaci hutawa take, har na ga hannun daman ya sauko a hankali ya kwanta a cinyarta, kamar an ajiye shi.

Ɗan ya kira ta sau ɗaya, bai sake ba. Ya cire hankici ya goge ruwan lemon da ya gangaro haɓarta. A ƙasa, kusa da takalminta, tururuwa sun fara taruwa a kan ɓawon.