Idon Inna Hajjo

"Inna, ɗago kanki kaɗan mana," in ji Ƙasimu daga ƙarƙashin baƙin ƙyallen da ya lulluɓe kansa da shi.

Inna Hajjo ba ta ɗago ba. Tana zaune kan tabarma a gindin katangar gidanta na Dingaya, 'yarta Tani ta tallafe ta ta baya, mayafi ya sauko mata har kan gira. Hantsi ne, inuwar katanga ta yi luf, haske irin wanda Ƙasimu ke so. Amma da ya leƙa cikin akwatin hotonsa mai ƙafa uku, ba ya ganin komai sai tsakar kanta da ƙaramin hanci. Ya haɗiye tsakin da ya taso masa, ya fito da kansa yana gumi.

Ƙasimu maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba su. Fatauci ya kai shi Ikko, can ya koyi wannan aiki wurin wani mutumin Saliyo, ya dawo gida da basasar Kano ta lafa, hanya ta buɗe. A Ikkon ya baro Barau, ɗan farin Inna Hajjo, shekara sha tara rabonsa da gida, ga ƙafa ta lalace ba halin tafiya. Ranar rabuwa Barau ya riƙe masa hannu ya ce, "Ka kawo mini fuskarta, Ƙasimu. Wallahi ban san kalar idon uwata ba."

Gaskiya ya faɗa. Kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunansa, balle ta dube shi ido da ido. Tun yana goye kakarsa ta ɗauke shi.

Faifan gilashin ɗaukar hoto uku Ƙasimu ya taho da su. Ɗaya jaki ya fasa a mashigar rafi. Na biyu kuwa dangi suka ja masa asara jiya, suka matsa sai a fito da ita tsakiyar rana, wai in rana ta yi yawa hoto ya fi fita. Ya biye musu, wauta! Goshi ya fito fari fat, idanu suka zama ramuka biyu baƙi ƙirin. Saura ɗaya tak, ga tsohuwa kullum jiki ƙara zubewa yake yi.

"Malam Ƙasimu, ka ɗauka haka nan," in ji Tani. "Ka ga ta gaji."

"Ba zan ɗauka ba. Mayafi zan kai masa? Ai akwai mayafi a kasuwar Ikko."

Ya zo ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, in kin sunkuya haske ba ya shiga idonki. Abin da haske bai taɓa ba, gilashi ba ya riƙewa."

"Wa zai kalli abin?" ta tambaya, murya can ƙasa.

"Kin sani."

"To ka ga. Ni in zuba wa wancan ido? Haba ɗan nan, da girmana?"

"Ya ce bai san kalar idonki ba."

Sai ta ce a mai da ita ɗaki, bayanta ya ƙage.

Kwana biyu akwatin na tsaye a gindin katanga, kaji na kewaya ƙafafunsa. Ƙasimu bai je gona ba, bai je kasuwar Gwaram ba. Yana zaune yana lura da yadda rana ke tafiya a tsakar gidan, inda inuwar tsamiya ke yin dabbare-dabbare, inda katanga ke tare zafi. Daga ɗaki yana jin tarinta. Mutane suka ce taurin kansa zai sa ya tashi ba ko ɗaya. Ya ce ya ji.

Rana ta uku da la'asar sakaliya Tani ta fito da sauri.

"Ta ce a fito da ita."

Suka ɗauko ta, ba nauyi sam, kamar damin kara. Ƙasimu ya zaunar da ita inda rana ke zuwa ta gefe, ta yi laushi, ta yi ja-ja. Ya miƙa wa matarsa Kubra farin zane ya ce ta ware shi a ɗaya gefen, don ya mai da haske kan kuncin da ke cikin duhu. Sai dai hasken ya ragu. Da hantsi ƙirga uku ta isa, yanzu sai bakwai, kuma ko motsi ɗaya ya ɓata komai.

"Inna, sai na ƙirga bakwai. Za ki iya?"

"Na haifi tara, bakwai ce za ta gagare ni?"

Ta sa hannu da kanta ta ja mayafin baya. Ta ɗago.

"Ku shaida," ta ce, "ni akwati nake kallo."

"Mun shaida, Inna."

Ya zare murfin idon akwatin. Ɗaya. Biyu. Uku. A ta huɗu ya ga tari ya taso mata, maƙogwaro na rawa, ta danne. Biyar. Hawaye ya taru bai zubo ba. Shida. Bakwai. Ya mai da murfi, sai tarin ya ƙwace mata, har ta kife a jikin Tani. Shi ma Ƙasimu ya zauna a ƙasa.

Washegari da walaha ta cika. Aka yi mata sutura, aka kai ta kafin azahar.

Sai bayan addu'ar uku Ƙasimu ya iya taɓa aikin. Ya toshe ƙofar ɗakinsa da barguna, ya wanke gilashin cikin ruwan magani. Sannan ya fito, ya ɗora shi kan takardar hoto, ya ajiye a hasken hantsi bisa turmin da aka kife. Tani ta tsuguna a gefensa. Takardar ta soma yin duhu a hankali. Da ya ɗaga gefe ya duba, ga mayafi, ga zanen tsufa a goshi, ga idanu biyu a buɗe tar, kowanne da ɗigon haske a ciki.

Tani ta rufe baki da hannu.

"Yaya Barau zai gani," ta ce. "Wayyo Inna."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafin nan, ta shimfiɗa a kan turmin. Ƙasimu ya kwantar da hoton a tsakiya, fuska sama, ya ninko gefe ɗaya, ya ninko na biyu. A ƙofar gida jakinsa na tsaye, an riga an ɗaura masa mangala don tafiya Ikko.