Daga Alkahira Zuwa Dinawa

Tun da Faruk ya dawo daga karatu a Masar, majalisar ƙofar gidan kawunsa da ke Wurno ba ta sake jin wani labari ba sai na jirgin sama. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya san yadda ya karkato da ita sama. Daga Alkahira zuwa Kano, in ji shi, kilomita dubu uku ne da 'yan kai, amma awa huɗu da rabi kacal suka yi. Ya ci shinkafa, ya ɗan runtsa, sai ga Kano.

"Duniya ta zama tahin hannu," yakan ce, yana gyara tabarau. "Nisa ya ƙare, ku ne dai ba ku sani ba."

Mu da iyakar tafiyarmu kasuwar albasa ta Goronyo sai mu gyaɗa kai. Haushi kuwa kamar ya kashe ni, don kowa a wurin ya san mahaifiyarsa na kwance a Dinawa tun kafin ya sauka, ba abin da take nema sai ta gan shi. Dinawa fa, wadda ɗan kabu-kabu ke zuwa ya dawo shayinka bai gama hucewa ba.

Sau uku ƙanwarsa Raihana tana zuwa takanas. A na ukun ta tsaya daga zaure ta ce, "Yaya, Inna ta bar cin abinci. Sunanka ɗai taka kira."

"Ina nan tahe," ya ce. "Baƙi sun yi min yawa. Kuma kin san hanyag ga ba ta da kyau."

Mutumin da ya ƙetare hamada yana barci, ramukan hanyar Dinawa ne suka gagare shi.

Sai da ya kwana ashirin da uku sannan ya shirya. Ni na ɗauke shi a babur, yana ta ƙorafin babbar rigarsa za ta yi datti. Muka tarar da tsohuwar a kan tabarma, ta rame ƙwarai, Raihana na yi mata fifita. Ya durƙusa ya gaishe ta, bai ko numfasa ba ya shiga ba ta labarin kilomita dubu uku.

Ta daɗe tana kallonsa. Ko ciwo ne ya taɓa mata hankali, ko sarai ta gane shi, har yau ban sani ba.

"Daga Masar kake, Malam?" ta ce.

"Inna, ni ne hwa. Faruk."

"Ina da ɗa can," ta ce, ta juya fuska bango. "In kak koma ka gaishe min da shi. Ka ce mishi kada ya wahal da kainai, na san wurin da nisa."