Tafin Hannun Isufu a Bango

"Takarda za mu manna a bangon, Isufu. Ta bushe, mu bi da fenti, shi ke nan," in ji Baƙo.

"Takarda? A ɗakin Gwamma?" Isufu ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari, har sai da ya dafa tsani.

Ina tsaye a bakin ƙofa da butar shayi, don katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinmu da nasa a unguwar Tahaggart, kuma ta cikinta nake jin tarin nan tun farkon zafi. Isufu mai shafen bango ne. Baƙo abokin aikinsa ne, tare suka taso daga Damagaram. Gwamma kuwa matar Isufu ce, tana shirin tahowa Tamanrasset bayan doguwar rabuwa.

"Lokotoro ya ce ƙura ta haramta gare ka," in ji Baƙo. "Jibs kuwa, farin garin shafen nan, in an shafa sai an goge, in an goge sai ka shaƙa. Kai kurma ne?"

"Takarda ɓoye ƙuraje take yi, ba ta warkar da su. Gwamma da hannu take duba ɗaki, Baƙo. Za ta shafa bangon nan ta ji tudu da kwari, ta ce ashe a kango mijinta yake kwana." Ya juyo gare ni. "Sauda, ke da kike cinye littattafai, a wane littafi aka tarbi masoyiya da faci?"

Na yi murmushi na ce, "Babu, Yaya Isufu." Wallahi a lokacin zuciyata narkewa ta yi, ban taɓa jin zance mai daɗin wannan ba.

Baƙo ya yi fushi ya tafi wani aiki a Abalessa. Isufu ya kwaɓa jibs shi kaɗai. Ya shafa, ya goge, farar ƙura tana fitowa ta taga kamar hayaƙi, tana sauka kan shanyarmu. Ya ɗaura rawani a hanci, rawanin ya yi fari, gashin idonsa ya yi fari. Tarinsa ya canza murya, ya koma can ƙasan ƙirji. Wata rana na ga ya tofa a ƙasa, ya yi sauri ya murje da takalmi.

Bango uku suka yi sumul kamar ƙwai. Ranar da ya kama na huɗu, da hantsi, ƙarar cokalin shafensa ta tsaya. Na saurari tari. Babu tari. Shirun nan ne ya fitar da ni a guje.

Kafin la'asar aka rufe shi.

Gwamma ta iso bayan ƙasa ta bushe a kan kabarinsa, ta ce a ɗakin za ta yi takaba. Baƙo ya dawo idanu jajur, ya ce ba zai bar aikin abokinsa rabi ba. Sai muka tsaya mu uku gaban bango na huɗu. Daidai ƙugu, inda ya dafa ɗanyen jibs yana faɗuwa, shatin tafin hannunsa ne kwance, yatsu biyar, sun ɗan ja ƙasa.

"Matar abokina," in ji Baƙo a hankali, "in jibs ne, sai na kankare wurin nan na cike shi, ya yi sumul yadda ya so miki. In takarda ce, za ta rufe shi kawai. Amma ramin zai riƙa jiyuwa."

Gwamma ta matso kusa da bangon. Ta durƙusa, ta sa hannunta cikin nasa. Nata ya ɓace a ciki. Ƙura ta maƙale mata a yatsu, ba ta kakkaɓe ba.

"Baƙo," ta ce, "a sa takarda."