Uban da Aka Binne a Waƙa

Sai a kira na biyar aka ɗaga wayar. Kiɗa ne ya fara dukan kunnen mai ɗinki, sannan muryar yaron.

"Gwaggo, ina situdiyo. Lafiya?"

"Da lafiya ce zan neme ka? Babanka kwana uku ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Likita ya ce a dawo da shi gida. Ka san abin da hakan ke nufi."

"Ranar Juma'a sabuwar waƙata za ta fita. Tana fita zan zo."

"Yau fa Litinin," ta ce, amma ya riga ya kashe.

Ta ja tsaki. Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakanin shagonta da ɗakin Baba mai gyaran takalmi. Ita ta goya yaron nan da uwarsa ta rasu, ita ta ɗinka masa kayan makaranta. Yau wai shi ne Gatari, mawaƙin hip-hop, wando na zamewa, ga sarƙa a wuya kamar ta ɗaure kare.

Wata biyu ke nan yana rigima da wani mawaƙin, Reza, tsohon abokinsa. Reza ne ya fara sakin waƙar zagi, ya ce Gatari ɗan mai gyaran takalmi ne, har yau warin gam bai bar hannunsa ba. Maimakon Gatari ya ce e, da gam ɗin aka rene ni, sai ya mayar da martani cewa shi maraya ne, ubansa attajiri ne da ya mutu tun yana goye, tsohon da ake yaɗa hotonsa kuwa mai gadin gidansu ne. A wayar wani da ya kawo gyara Baba ya ji waƙar. Ya saurara har ƙarshe, ya ja zaren da ke hannunsa ya ƙulle, ya ce, "Muryarsa ta yi kauri."

Ta ɗaga labule ta shiga ɗakin Baba. Yana kwance kan katifa, ya rame har idanunsa sun faɗa.

"Ya ce me?"

"Yana hanya."

"Ke dai, maƙwabciya. Ko a ɗinki in kika ce gobe, kowa ya san jibi ne." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Kada ki matsa masa. In aka gan shi a nan, wancan ya cinye shi."

"Ya cinye shi a me? Ƙarti biyu da gemu suna zagin iyayen juna a kan kiɗa, wasu sakarkaru na tafa musu. Wannan ne abin ci?"

"Sana'arsa ce."

"Taka ma sana'a ce."

Ya juya fuskarsa bango.

Ranar Laraba da hantsi tana goge masa goshi da jiƙaƙƙen tsumma, numfashin ya tsaya. Ta jima riƙe da tsumman kafin ta fita ta kira maza.

Gatari bai zo ba sai washegari, bayan an binne. A tasi ya zo, ya ja hula har gira, ya sa takunkumi. Ya same ta a tsakar gida tana naɗe tabarma.

"Gwaggo, sannu da haƙuri. In an tambaya, ki ce ni ɗan ƙaninsa ne."

"Babanka ba shi da ƙani."

Kafin ya yi magana, wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida. Yana leƙawa ya yi wuf ya faɗa ɗakin marigayin, ya saki labule. Reza ne, da tabarau, wani ƙato na biye da shi ya saɓa kyamara.

"Mama, ta'aziyya muka zo," in ji Reza, yana gyara tsayuwa yadda zai fito da kyau. "Don Allah ki faɗa wa duniya gaskiya. Marigayin nan mahaifin waye?"

Ta ga ƙafafun Gatari a ƙarƙashin labule, cikin farin kambas mai tsada. Ta dubi na gabanta.

"Ya sunansa?"

"Wa?"

"Wanda ka zo ta'aziyyarsa."

Reza ya waiga ya kalli mai kyamara. Mai kyamara ya kalli ƙasa.

"Wata biyu kana tallan mutum a waƙa, sunansa ma ba ka sani ba. Ɗauke mini wannan abin daga fuska kafin in ɗauko almakashi. Fita!"

Suka fita, Reza yana faɗin a goge wannan wurin daga bidiyon. Da ƙarar motar ta yi nisa, Gatari ya fito yana share gumi.

"Na gode, Gwaggo. Kin rufa mini asiri."

"Ba kai na rufa wa ba. Matsa, kana tsaye kan tabarma."

Ya matsa. Ya ɗan tsaya kamar zai ce wani abu, wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana amsawa.

Ranar Juma'a waƙar ta fita. Daga motocin da ke wucewa ta riƙa jin ta, yana ta ihun shi maraya ne, ba uwa ba uba. Wannan karon dai bai yi ƙarya ba, ta ce a ranta.

Da yamma aka zo aka ɗauke bencin da Baba ke zama a kai a ƙofar gida. Sai a lokacin ta lura da bangon. Daidai inda yake jingina, fentin ya goge, ya yi duhu, ya yi sulɓi, faɗin bayan mutum ɗaya.