Abin da Curtis Yake Yi a Bayan Shagon Wanki

Curtis bai gama cire takalmin aiki ba ya hango jakar tafiya a bakin ƙofar kicin. Matarsa Lorraine na zaune a teburin cin abinci, ta ajiye waya a tsakiya, ta buɗe lasifika.

"Yaya Rhonda na ji," in ji ta. "Zauna."

"Sannu, Rhonda."

"Riƙe sannunka," muryar yayar matar tasa ta fito daga wayar. "Tambaye shi, Lorraine. Kuma ki lura da idonsa."

Ya zauna. Namiji in ya haura hamsin ya san irin wannan zaman, sai dai bai taɓa sanin wanne ne daga cikin laifuffukansa ya iso gida ba.

"Ƙarfe nawa kuke rufe shagon taya?"

"Kin sani ai."

"To ina kake zuwa kafin ka iso gida? Rhonda ta ga motarka a bayan shagon wanki. Ba sau ɗaya ba."

"Kuma akwai ɗakunan haya a saman shagon," in ji wayar. "Akwai wata mai jan gashi, kullum tana shanya a baranda. Ni dai ban ce komai ba."

"Ban san da mai jan gashi ba. Bango nake kallo."

"Bango."

Ya yi bayanin da ya sha yi tun bara, lokacin da likita ta ce abin da yake fama da shi tun yana yaro yana da suna, otizim. Ƙarar injin kwance ƙusa, rediyon shago, ƙararrawar waya, duka suna shiga kansa su zauna, babu mai fita. Idan ya tashi aiki kansa kamar an zuba ƙudan zuma a gwangwani. A duk garin Toledo bai sami inda ya kai lungun bayan shagon wankin nan shiru ba. Yakan kashe mota ya zauna har kan ya lafa, sannan ya iya shigowa gida ya saurari mutane.

"Wato ni ma hayaniya ce," in ji Lorraine.

Ya yi tunani da gaske, don ya ɗauka tambaya ce. "Wani lokaci."

Rhonda ta yi dariya har wayar ta yi rawa a kan tebur. "Kin ji ko! Mutum ya yi furfura lafiya lau, rana ɗaya likita ta raɗa masa suna, shi ke nan. Ya manta ranar aurenku, otizim. Ya sulale daga bikin ɗana kafin a yanka kek, otizim. Ni ma bari in je a duba ni, ko na huta da wanke-wanke. Yana kallonki?"

"Firiji yake kallo."

"To kin gani."

"Kin san ba na iya magana ina kallon ido," in ji Curtis. "Ko dai maganar, ko kallon."

"Na gaji da bayani, Curtis. Gaskiya nake so." Muryar Lorraine ta yi ƙasa. "Ka faɗa min yanzu, ko na kwana a gidan Rhonda. Kuma ba kayan kwana ɗaya na haɗa ba."

Sai a lokacin ya lura mukullin mota na hannunta, ta damƙe shi gam. Fatar idonta ta kumbura. Ba wasa take ba, kuma gaskiyar da yake da ita ta ƙare, babu wata a ajiye.

Ya ɗago ya kafa ido a tsakanin girarta, dabarar da ya koya tun a firamare don malamai su bar shi ya sha iska.

"Sigari nake sha."



"Ba na faɗa miki akwai wani abu ba!" Rhonda ta yi ihu.

Lorraine ta kashe wayar. Ta saki mukullin, ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ya kasa gane kuka ne ko dariya. Sai ta ɗauki tsumman goge kwano ta maka masa a wuya.

"Ja'irin tsoho! Da hawan jininka? Me ya hana ka faɗa tun farko, ka tsaya kana jawo min likita?" Ta share ido. "Kara ɗaya a rana. Ka tsaya can bayan shagon ka sha abinka, kar ka kuskura ka shigo min da shi gida. Ka ɗauki duk lokacin da kake so."

Ta tura jakar gefe da ƙafa, ta kunna murhu.

Washegari da ya tashi aiki ya biya shagon gidan mai. Ya daɗe a tsaye yana duban jerin kwalayen sigarin da ke bayan kanta, bai san sunan ko ɗaya ba.

"Wanne za a ba ka, maigida?" in ji mai sayarwar.

"Wanda warinsa ya fi kama riga."