Rufin da Ya Buga da Hannunsa

Kun ga lokacin da aka fito da katifar. Kada ku ce ba ku gani ba. Wasunku har rage gudun mota suka yi, suka leƙa, sannan suka ɗaga gilashi.

Tela ne ya kama gefe ɗaya, dillalin gidan ya kama ɗayan. Baba Kafinta na kwance a kai, ciwo ya tsotse shi kamar busasshen kara.

"A hankali mana," in ji Tela. "Mutum ne, ba buhun siminti ba."

"Ni ma ɗan aike ne," dillali ya ce, idonsa a ƙasa. "Masu haya za su zo dubawa. Wa zai kama gidan da aka fitar da gawa tun ba a shigar da kujera ba?"

Tun da gonakin unguwar suka koma filaye, hayar ɗaki ta fi ƙarfin Baba. Sai ya zama mai gadin kango: a ba shi ɗaki marar taga, ya tsare bulo da rodi, ranar da gini ya kammala ya naɗe kayansa ya ƙara gaba. Wannan gidan ma shi ya yi masa rufi, yana tari yana buga ƙusa, alhali ya san kowace ƙusa sallamarsa take kusantowa.

Tela bai da inda zai kai shi sai shagonsa da ke tsallaken layi, inda shi ma yake kwana. Ya jawo keken ɗinki waje, ya ture tsummoki. Duk da haka katifar ta ƙi shiga gaba ɗaya, ƙafafun tsohon suka leƙo bakin ƙofa.

"Ɗana, gidan nan naka ya matse ni," Baba ya ce da kyar. "Ko za ka rage mini tsawo da almakashi?"

"Haba Baba, sai dai in ƙara wa shagon ƙyalle."

Suka yi dariya, ta Baba ta ƙare da tari.

Bayan azahar hadari ya haɗu. Ruwa na sauka, rufin shagon ya fara yoyo daidai ƙirjin tsohon. Tela ya tsaya a kansa riƙe da bokiti.

Baba ya ƙura wa rufin ido. "Wanda ya yi maka wannan aikin ya cuce ka. Bari in samu sauƙi, zan hau in gyara."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Tela bai ajiye bokitin ba sai da ya cika, don kada ruwa ya taɓa shi. Daga nan ya rufe masa ido, ya yanko sabon yadin wani da ya kawo ɗinki ya lulluɓe ƙafafun da ke waje.

Gobe in za ku wuce, ku sauke gilashi ku duba. Gidan na nan a kulle, ba kowa a ciki. Ruwa na gangarowa daga rufinsa, ko ɗigo ɗaya bai shiga ba.